Kulki da Kyamara: Yadda Bidiyo Ya Shiga Shari'ar 'Yan Sandan Amurka

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, shari'ar da ta taso a Amurka kan ɗan sandan da ya doki mutum ko ya harbe shi takan tsaya ne a kan baki biyu, bakin ɗan sandan da bakin wanda aka yi wa. Bakunan kuwa ba su zo ɗaya ba. Ɗan sanda yana da rahoton da ya rubuta da hannunsa, yana da abokan aikin da za su gaskata shi, ga kakin jikinsa yana sa a saurare shi da mutunci. Ɗaya ɓangaren galibi mutum ne da ake tuhuma da wani laifi, in ma ya rayu ke nan. Baƙaƙen fatar ƙasar sun daɗe suna kukan abin da ake yi musu a kan titi da cikin caji ofis, amma kukan bai cika fita daga unguwanninsu ba.

An taɓa ganin ƙarfin hoto tun kafin wannan lokaci. A watan Mayun 1963, a birnin Birmingham na jihar Alabama, kwamishinan tsaro Bull Connor ya sa aka saki karnuka da ruwan mesar kashe gobara a kan 'yan makaranta masu zanga-zanga, hotunan suka zagaya duniya. Ranar 7 ga Maris 1965 kuma 'yan sandan jihar suka far wa masu tattaki kimanin 600 a kan gadar Edmund Pettus da ke Selma, da kulake da barkonon tsohuwa, har aka fasa wa ɗaya daga cikin jagororinsu, John Lewis, kai. A daren nan gidan talabijin na ABC ya katse fim ɗin da yake nunawa ya sa hotunan. Watanni biyar bayan haka Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin jefa ƙuri'a. Sai dai waɗannan kyamarorin 'yan jarida ne, da rana tsaka, a wurin da kowa ya san za a yi taro. Abin da ke faruwa da tsakar dare a bakin hanya, tsakanin direba guda da motocin sintiri, babu mai ɗaukarsa.

Kafin kyamarar talaka ta iso bakin hanyar, Kotun Ƙoli ta riga ta ajiye ma'aunin da za a riƙa auna duk abin da za ta ɗauko. Hukunci biyu ne. Na farko ya samo asali daga Memphis a 1974, inda ɗan sanda ya harbi wani yaro ɗan shekara 15, Edward Garner, a ƙeya, yana ƙoƙarin haura katanga bayan an fasa wani gida. Dala 10 da jakar hannu aka samu a jikinsa, kuma ɗan sandan da kansa ya ce bai zaci yaron na ɗauke da makami ba. A 1985 kotun ta ce ba a harbin mai gudu don kawai ya gudu, sai in akwai dalili mai ƙarfi na cewa zai halaka wani ko ya yi masa mummunan rauni.

Na biyu ya fi tasiri nesa ba kusa ba. Dethorne Graham mai ciwon sukari ne a birnin Charlotte. Wata rana a 1984 ya ji jikinsa na sakewa, ya roƙi abokinsa ya kai shi kanti ya sayi lemo. Da ya ga layi ya yi tsawo sai ya fito da sauri. Wani ɗan sanda ya ga shigarsa da fitarsa, ya zaci sata aka yi, ya tare motar. Aka sa wa Graham ankwa yana cikin magagi, aka ƙi sauraron bayanin ciwonsa, ya tashi da karaya a ƙafa. Da ƙarar ta kai Kotun Ƙoli a 1989, Alƙalin Alƙalai William Rehnquist ya rubuta cewa za a duba ko ƙarfin da aka yi amfani da shi ya dace ne ta idon ɗan sanda mai hankali da ke tsaye a wurin a wannan lokaci, ba ta idon wanda ya zauna daga baya ya san yadda abin ya ƙare ba, kuma a yi la'akari da cewa 'yan sanda kan yanke shawara cikin ƙiftawar ido. Yawancin shari'o'in Amurka da za su biyo baya a wannan tarihi, a kan wannan ma'auni aka yi su. Bidiyo na nuna abin da ya faru; dokar kuwa tana tambayar abin da ɗan sandan ya ɗauka yana faruwa.

Bayan ƙarfe 12 na daren 3 ga Maris 1991, 'yan sandan babbar hanya suka bi wata mota mai gudun wuce sa'a a arewacin Los Angeles. Direban, Rodney King, ɗan shekara 25, ya sha giya, kuma bai daɗe da fitowa daga kurkuku bisa sharaɗi ba. Aka tsayar da shi a unguwar Lake View Terrace. Ƙarar jiniya da jirgi mai saukar ungulu ta tashi wani mai gyaran famfo, George Holliday, daga barci. Ya ɗauko sabuwar kyamararsa ƙirar Sony ya fito baranda. Abin da ya ɗauka shi ne mutum a ƙasa, 'yan sanda suna sauke masa kulake, wasu da dama sun yi cirko-cirko suna kallo. Kwamitin bincike na Warren Christopher ya ƙidaya sara 56 da kulki, ban da shuri. King ya samu karaya a fuska da ƙafa.

Holliday ya fara tuntuɓar ofishin 'yan sandan yankin, bai ga alamar sun damu ba, sai ya kai kaset ɗin gidan talabijin na KTLA. Daga nan CNN ta ɗauka. Mutane da yawa suka ce to, gani ya kori ji, wannan karon babu yadda za a yi a musa. Aka gurfanar da huɗu: Saja Stacey Koon, da Laurence Powell, da Timothy Wind, da Theodore Briseno. Kwamitin Christopher ya tono saƙonnin da 'yan sanda ke aika wa juna ta na'urar cikin mota, cike da ba'a kan duka da wariyar launi, ya kuma gano jami'ai 44 da kowannensu aka kai ƙararsa sau shida ko fiye ba tare da an ɗauki matakin kirki ba.

Amma lauyoyin da ke kare huɗun sun yi abin da ba a zata ba. Da farko sun samu an ɗauke shari'ar daga Los Angeles zuwa Simi Valley, gari mai rinjayen fararen fata inda 'yan sanda da yawa ke zaune. A tsarin Amurka 'yan gari 12 ne ke taya alƙali yanke hukunci, su ne masu cewa da laifi ko babu. A cikin waɗanda aka zaɓa babu baƙar fata ko ɗaya. Na biyu, sun nuna daƙiƙun farko na kaset ɗin, waɗanda talabijin ta yanke saboda hoton ya yi dishi-dishi, inda ake ganin King ya miƙe ya nufi wajen Powell. Na uku, kuma shi ne babba, maimakon su guje wa bidiyon sai suka rungume shi. Suka daddatsa shi zuwa hotuna tsayayyu, suna nunawa ɗaya bayan ɗaya. Saja Charles Duke, mai koyar da 'yan sanda dabarun amfani da ƙarfi, ya tsaya yana fassara kowane motsi: ga gwiwa ta lanƙwashe, alamar zai tashi ke nan, ga ƙugu ya ɗaga, ƙin bin umarni ne, ga kulki ya tsaya a sama, jami'i yana nazarin halin da ake ciki. Dukan kawo-wuƙa ya koma jerin ƙananan shawarwari, kowace da dalilinta, har ya zama kamar wanda ke kwance shi ke jan ragamar abin da ake yi masa. Masanin harshe Charles Goodwin ya yi nazarin wannan dabara a 1994, ya nuna yadda ƙwararre ke koya wa mai kallo abin da zai gani.

Ranar 29 ga Afrilu 1992 aka wanke su, in ban da tuhuma guda a kan Powell da aka kasa cimma matsaya. Dama akwai wani miki a zukatan mutane: kwana 13 bayan dukan King, wata mai kanti ta harbe yarinya 'yar shekara 15, Latasha Harlins, a ƙeya kan kwalbar lemo, kyamarar kantin ta ɗauka, amma ba a ɗaure matar ba. Kafin faɗuwar rana kudancin Los Angeles ya kama da wuta. An kwana shida ana tarzoma, mutum fiye da 60 suka mutu, sama da 2,000 suka ji rauni, asarar dukiya ta kai kimanin dala biliyan 1, sai da aka shigo da sojoji. A 1993 gwamnatin tarayya ta sake gurfanar da huɗun bisa laifin tauye haƙƙin ɗan ƙasa. Kaset ɗin bai canza ba. Garin da masu sauraren ne suka canza, King kuma ya ba da shaida da bakinsa. Aka sami Koon da Powell da laifi, aka ɗaure kowannensu wata 30. King ya samu diyyar dala miliyan 3.8, shugaban 'yan sandan birnin Daryl Gates ya sauka, kuma a 1994 majalisa ta ba Ma'aikatar Shari'a ikon binciken rundunar da cin zarafi ya zame mata ɗabi'a.

A shekarun da suka biyo baya motocin sintiri suka fara ɗaukar kyamara a gaba, galibi don kama masu tuƙi cikin maye da kuma kare jami'ai daga ƙazafi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan faya-fayai ya kai Kotun Ƙoli a 2007. Wani ɗan sanda a jihar Georgia, Timothy Scott, ya bangaji motar wani matashi mai gudu, Victor Harris, motar ta faɗa rami, yaron ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Alƙalai takwas suka ce bidiyon ya isa hujja cewa gudun na da haɗari, babu buƙatar a kai maganar gaban 'yan gari, har suka ɗora faifan a shafin kotun na intanet don kowa ya gani. Mai shari'a John Paul Stevens shi kaɗai ya ce shi ba abin da ya gani ke nan ba. Wasu malaman shari'a uku, Dan Kahan da David Hoffman da Donald Braman, suka nuna wa Amurkawa kimanin 1,350 wannan faifai. Mafi yawa sun yarda da kotun, amma baƙaƙen fata da masu ƙaramin ƙarfi sun fi karkata ga ɗora wa ɗan sandan laifi. Faifai ɗaya, ido daban-daban, gwargwadon abin da rayuwa ta nuna wa kowa game da kaki.

Sai wayar salula ta zo. Da asubahin 1 ga Janairu 2009, fasinjojin jirgin ƙasa a tashar Fruitvale ta Oakland suka ɗauki ɗan sanda Johannes Mehserle yana harbin Oscar Grant a baya, alhali yana kwance rub da ciki. Mehserle ya ce na'urar Taser mai girgiza jiki da lantarki ya yi niyyar zarowa ya zaro bindiga. Aka same shi da laifin kisa ba da gangan ba, ya yi wata 11 a tsare. A wannan zamani 'yan sanda a jihohi da dama sukan kama masu ɗaukarsu bidiyo, suna fakewa da dokar hana naɗar magana a asirce. Wani lauya, Simon Glik, da aka kama a Boston a 2007 kan haka, ya yi ƙara, kuma a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ɗaukar jami'i yana aikinsa a bainar jama'a haƙƙi ne da tsarin mulki ya kare.

Shekarar 2014 ta kawo mutuwa biyu da suka ja hankali zuwa fuska biyu. A watan Yuli, a Staten Island na New York, ɗan sanda Daniel Pantaleo ya shaƙe wuyan Eric Garner, wanda ake zargi da sayar da sigari kara-kara. Abokinsa ya ɗauki komai da waya. Sau 11 Garner yana cewa ba ya iya numfashi. Shaƙar wuya haramun ce a dokar rundunar tun 1993, likitan gwamnati kuma ya ce kisa ne. Duk da haka ba a gurfanar da kowa ba, sai bayan shekara biyar aka kori Pantaleo daga aiki. A watan Agusta kuma wani ɗan sanda ya harbe Michael Brown a Ferguson ta jihar Missouri, babu wanda ya ɗauki harbin, shaidu suka saɓa wa juna, garin ya hargitse. Darasin Ferguson aka ɗauka, aka bar na Staten Island: a watan Disamba Shugaba Barack Obama ya nemi dala miliyan 75 don taimaka wa rundunoni su sayi kyamarorin da ake maƙalawa a ƙirji guda 50,000.

Hujjar da aka fi kafawa da ita ta fito ne daga ƙaramin garin Rialto a California, inda gwajin shekara guda daga 2012 ya nuna ƙorafin jama'a ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari, amfani da ƙarfi kuma da fiye da rabi. Amma rundunar ƙarama ce. Da aka yi gwaji mafi girma a birnin Washington, da jami'ai sama da 2,000, sakamakon da ya fito a 2017 bai nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin masu kyamara da marasa ita. Ita kyamarar ƙirji tana da halinta. Ba ta nuna mai ɗauke da ita, wanda ke gabansa take nunawa, kusa-kusa, hoton na girgiza, ta yadda mai kallo kan ji kamar shi ake tunkara. Jami'i ne ke kunna ta, rundunarsa ce ke ajiye faifan. A 2016 jihar North Carolina ta kafa doka cewa ba a sakin irin wannan faifai ga jama'a sai da umarnin alƙali.

Babu inda maganar wanda ke riƙe da faifai ta fito fili kamar Chicago. Ranar 20 ga Oktoba 2014 ɗan sanda Jason Van Dyke ya harbi Laquan McDonald, ɗan shekara 17, harsashi 16. Rahotannin jami'an da ke wurin suka ce yaron ya yi kansu da wuƙa. Kyamarar motar sintiri ta nuna yana riƙe da wuƙar, amma yana tafiya ne yana kauce musu, kuma yawancin harsasan sun same shi bayan ya faɗi. Hukumomin birnin sun ga faifan. Suka biya iyalin dala miliyan 5 tun kafin a shigar da ƙara, faifan kuma ya zauna a aljihun tebur wata 13, har sai da wani ɗan jarida mai zaman kansa ya kai ƙara alƙali ya tilasta sakinsa. Sa'o'i kaɗan kafin a sake shi, a watan Nuwamban 2015, aka tuhumi Van Dyke da kisa. Aka kori shugaban 'yan sandan birnin, babbar mai gabatar da ƙara ta faɗi zaɓe. A 2018 aka sami Van Dyke da laifi, daga baya aka yanke masa wata 81. Jami'ai uku da aka tuhuma da haɗa baki wajen rubuta rahoton ƙarya kuwa, alƙali ya wanke su.

A North Charleston ma, a watan Afrilun 2015, bayanin farko shi ne Walter Scott, ɗan shekara 50 da aka tsayar kan fitilar birki, ya ƙwace Taser ɗin ɗan sanda Michael Slager. Wani mai aski da ke kan hanyarsa ta zuwa aiki, Feidin Santana, ya ɗauki Scott yana gudu, Slager ya tsaya ya harba sau takwas a bayansa. Irin abin da hukuncin 1985 ya hana ke nan ƙarara, amma masu taya alƙalin kotun jiha suka kasa haɗuwa kan hukunci. Sai a kotun tarayya Slager ya amsa laifi, aka ɗaure shi shekara 20. Shekara guda bayan mutuwar Scott, budurwar Philando Castile ta nuna shi kai tsaye a Facebook jini na malala a rigarsa cikin mota a Minnesota. A 2017 aka wanke ɗan sandan da ya harbe shi, domin ya ce ya ji tsoron Castile zai zaro bindigar da ya faɗa masa yana ɗauke da ita.

Ranar 25 ga Mayu 2020, a Minneapolis, aka kira 'yan sanda kan zargin George Floyd, ɗan shekara 46, ya sayi sigari da jabun takardar dala 20. Sanarwar farko da rundunar ta fitar ta ce mutumin ya yi turjiya, an sa masa ankwa, an lura ba shi da lafiya, an kira motar asibiti, ya rasu. Ba ta ambaci gwiwa ba. Wata yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, ta tsaya a bakin titi ta riƙe wayarta ba ta sauke ba, kuma a daren ta ɗora faifan a Facebook. Ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan Floyd da gwiwa minti 9 da daƙiƙa 29, har bayan ya daina motsi. Zanga-zangar da ta biyo baya tana cikin mafi girma a tarihin ƙasar, ta kuma tsallaka zuwa Landan da Paris da sauran birane.

Ranar 20 ga Afrilu 2021 aka sami Chauvin da laifin kisa, daga baya aka yanke masa shekara 22 da rabi. Ana yawan cewa bidiyon ne ya ɗaure shi, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Tsawon lokacin ya rushe hujjar ƙiftawar ido, domin babu mai cewa minti tara bai isa tunani ba. Faifan bai yanke ba, fuskar Chauvin tana ciki, kuma kyamarorin ƙirjin abokan aikinsa da na kantin da na kan titi duk sun gaskata shi. Likitan huhu Martin Tobin ya bi hotunan daki-daki yana nuna yadda numfashi ya ƙare, wato dabarar Simi Valley ce aka juya. Sannan shugaban rundunar, Medaria Arradondo, ya hau kan akwatin shaida ya ce abin da jami'insa ya yi ya saɓa wa horo da dokar aiki. A 1992 ƙwararren ɗan sanda ya fassara bidiyo don ya kare nasa. A 2021 manyan rundunar suka ƙi. Birnin ya biya diyyar dala miliyan 27, sauran jami'ai uku ma aka ɗaure su, kuma kwamitin lambar Pulitzer ya karrama Frazier.

Al'amarin bai tsaya a Amurka ba. A Faransa, a watan Nuwamban 2020, kyamarar ɗakin naɗar waƙa ta nuna 'yan sanda suna lakaɗa wa Michel Zecler duka, daidai lokacin da majalisa ke muhawara kan wani sashe na doka da zai taƙaita yaɗa hotunan jami'ai. A 2021 Majalisar Tsarin Mulki ta soke sashen. A Afirka ta Kudu talabijin ta nuna yadda aka kashe Andries Tatane a zanga-zangar Ficksburg a 2011, amma aka wanke jami'ai bakwai saboda an kasa tantance wanda ya yi harbin cikin masu hular kwano. Jami'ai takwas da aka ɗauka suna jan direban tasi Mido Macia a bayan motarsu a 2013 kuwa sun sha ɗaurin shekara 15 kowannensu.

Najeriya ma tana da nata babi. A watan Fabrairun 2010 tashar Aljazeera ta nuna faifan da aka ɗauka a Maiduguri bayan rikicin Yulin 2009, inda masu kakin 'yan sanda ke kwantar da mutane a ƙasa suna harbewa, har da masu dogara sanda. A farkon Oktoban 2020 wani faifai daga Ughelli ta jihar Delta, da aka yaɗa cewa jami'an rundunar 'yan sanda ta SARS ne suka harbi wani matashi, ya kunna zanga-zangar EndSARS, duk da cewa 'yan sanda sun musanta wannan bayani. Ranar 11 ga watan Sufeto-Janar Mohammed Adamu ya rushe rundunar. Daren 20 ga watan sojoji suka buɗe wuta a mashigar Lekki a Legas, mawaƙiya DJ Switch tana nunawa kai tsaye a Instagram. Kamfanin da ke kula da mashigar ya shaida wa kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi cewa kyamararsa ta daina ɗauka da misalin ƙarfe 8 na dare. Kwamitin ya kammala a 2021 cewa an kashe masu zanga-zanga marasa makami. Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya yi watsi da rahoton.

A can Amurka, lissafin da jaridar Washington Post ta fara a 2015 ya nuna 'yan sanda na harbe mutum kimanin 1,000 har lahira a shekara, kuma adadin ƙaruwa ya yi bayan 2020. Ƙalilan ne daga ciki ke kaiwa ga tuhuma. Ƙudirin gyaran aikin 'yan sanda mai ɗauke da sunan Floyd ya wuce a Majalisar Wakilai a 2021, ya maƙale a ta Dattawa. A watan Janairun 2023 jami'ai biyar, dukansu baƙaƙen fata, suka yi wa Tyre Nichols dukan da ya yi ajalinsa a Memphis. Kyamarorin ƙirjinsu ba su nuna abu mai yawa ba. Wadda aka kafa a kan falwaya ce ta nuna komai daga sama. Biyu sun amsa laifi, uku kuma kotun jiha ta wanke su a watan Mayun 2025.

A cikin wannan wata ne Kotun Ƙoli ta sake waiwayar ma'aunin. Shari'ar ta shafi Ashtian Barnes, wanda ɗan sanda Roberto Felix ya tsayar kusa da Houston a 2016 kan bashin kuɗin hanya da ake bin motar hayar da yake tuƙawa. Motar ta fara motsi, Felix ya ɗare bakin ƙofarta, ya yi harbi. Kyamarar motar sintiri ta ɗauka. Kotunan ƙasa sun duba daƙiƙa biyun ƙarshe kawai, lokacin da jami'in ke maƙale a jikin mota mai tafiya, suka ce yana da hujja. Ranar 15 ga Mayu 2025 alƙalai tara baki ɗaya suka ce ba a yanke faifai haka: dole a duba abin da ya faru tun daga farkon tsayarwar. Kotun ba ta ce komai ba kan ko za a kama jami'in da ya jefa kansa cikin haɗarin da ya kafa hujja da shi, ta mayar da ƙarar ƙasa. Ma'aunin Graham na 1989, na ɗan sanda mai hankali da ke tsaye a wurin, shi ne doka har yanzu.